Tayin da Ta Aiko Ta Bakin Direba

Ranar da aka rufe layukan waya a Kankara da Faskari da Sabuwa saboda ’yan bindiga, ranar ce aurena ya koma hannun direban mota. Ƙarshen damina ne, shekarar 2021, masara ta nuna a gonaki amma ba kowa ke da zuciyar zuwa cirewa ba. Na tashi da safe na duba waya, babu sabis. Saƙon da na tura wa matata yana nan da ɗan agogo a gefensa, bai tafi ba. Abin da na rubuta shi ne: “Manaja, kin yi asara a taki wannan zangon.” Shi ne saƙona na ƙarshe gare ta a waya. Ku duba shi da kyau, duk fasahata ke nan.

Na lura a zauren nan an fi son labarin yarinya mai dogon hanci da saurayi mai baƙar mota. Ba ni da ko ɗaya. Sunana Yahya, na haura hamsin, matata ta rasu, kuma abin da na iya a duniya shi ne koya wa mutane yadda kamfani yake rayuwa da yadda yake mutuwa. Wadda za ta rubuto a ƙasa ta ce, “Baba, ina soyayyar?” ta yi haƙuri. Tana nan, turare ne kawai ba ta sa ba.

Za ku ga ina ce mata Manaja. Dalili shi ne sunanta ɗaya da mahaifiyata. A gidanmu namiji ba ya furta sunan uwarsa, ko da a kan wata aka ɗora shi. Tun ranar da aka kawo ta gidana ban taɓa kiran sunan ba. Da farko “ke” nake cewa, ko in yi gyaran murya a bakin ƙofa. Daga baya, da na ga ita ke tafiyar da gidan da ni da albashina, na sa mata Manaja. Ta amsa shekara da shekaru ba ta ce komai ba, ni kuma na ɗauka shiru yarda ce.

A banki na yi aiki a Kaduna, har wani babban banki ya haɗiye namu. Suka riƙe kujeru da na’urar sanyaya ɗaki, suka sallami mutane. Na dawo Kankara na sami aiki a wata cibiya da ke horar da shugabannin ƙungiyoyin manoma da matasan da suka gama makaranta, masu son kafa kamfanin hatsi na gaske, mai rajista da masu hannun jari. Aka ba ni wani wasa na kwamfuta in koyar da shi. Kowane rukuni za a ba shi kamfani na wasa. A kowane zango su yanke shawara: a ci bashi ko a sayar da hannun jari, a raba riba ko a mayar da ita cikin jari, a gina ma’ajiya ko a riƙe tsabar kuɗi a hannu. Malami ya shigar da shawarwarin, ya danna, kwamfuta ta faɗi wanda ya ci gaba da wanda ya durƙushe. Dabara ce mai kyau. Mutum ya karya kamfanin ƙarya sau biyar a aji ya fi ya karya na gaske sau ɗaya da kuɗin ’yan uwansa.

Matsalar ita ce kamfanin da ke cikin wasan injin wanki yake ƙerawa, a wata ƙasa mai ƙanƙara. Dattawan Pauwa da Mairuwa suka zauna suna kallona kamar na zo musu da yaren aljanu.

Na dawo gida na sami Manaja a tsakar gida tana tsintar wake a babban farantin silba, ta ɗaura ɗankwalin atamfa mai ruwan ganye. Malamar lissafi ce a firamare, kuma ba ta iya jin matsala ta bar ta ta wuce.

Ta ce, “Malam, mutumin Pauwa ka ce ya sayar da injin wanki?”

“Ka’idar ɗaya ce ko’ina.”

“To ka sa wa ka’idar zani irin namu mana. Tsirara ka kawo ta, shi ya sa suke sunkuyar da kai.”

Ta tashi ta ɗebo masara da gyaɗa ta zuba a gefen waken. Ta ce masara ita ce tsabar kuɗi, don ita ake ci yau. Wake shi ne bashi, don idan ka bar shi ya jiƙa kumbura yake yi. Gyaɗa hannun jari ce: duk wanda ka ba ƙwaya ɗaya ya zama naka, da shi za a ci, da shi za a yi kuka. Muka zauna makonni muna sauya wasan. Kamfanin ya koma na sayen masara da kaka, a ajiye, a sayar da bazara. Mutanen Sabuwa suka ce ba za su taɓa kuɗin ruwa ba ko da wasa ne, sai ta cire shi ta sa bashin taki daga dila, a biya bayan girbi. Ta ƙara abubuwan da kan faɗo wa mutum ba shiri: ruwa ya ɗauke, ƙwari sun shiga ma’ajiya, farashi ya karye a Dandume, hanya ta rufe. Ni na shigar da su a kwamfuta. Kowane rukuni ya sami farantinsa, suna taɓa kuɗinsu da hannu kafin a danna. A mako na uku na ga wani dattijo daga Mairuwa yana kallon farantinsa cike da wake, babu masara ko ɗaya, ga kwamfuta tana cewa ya ci riba. Ya ce, “Ashe mutum kan ci riba ya kwana da yunwa.” Darasin da na yi wata shida ina koya a banki ke nan.

Don gwaji, ni da ita muka buɗe namu kamfanonin. Nawa Kamfanin Hatsi na Kankara. Nata kuwa ta sa masa “Rumbun”, ta ɗora sunanta a gaba. Da gangan ta yi. Tana zaune tana kallona ina buga haruffan da yatsa ɗaya, bakina a rufe.

“Karanta mini in ji ko ka rubuta daidai.”

“Daidai ne.”

“Ban ji ba.”

“Kamfani na ɗaya,” na ce. Haka nake kiransa a aji har yau.

Salon wasanta ɗaya ne: ba ta raba riba. Duk abin da ta samu sai ta mayar, ta ƙara ma’ajiya. Ni ina tunanin zango mai zuwa, ita tana tunanin na goma. Ta sha kayar da ni, kuma ba ta ɓoye jin daɗinta.

Sai aka gayyace ni wani taro a Kaduna in nuna wasan. Na sa farar shadda, na yi bayani, aka tafa. Wata mata mai tabarau ta ɗaga hannu ta tambayi wa ya ƙirƙiro dabarar faranti. Lasifika a hannuna, ɗaki cike da mutane, sunan mahaifiyata a maƙogwarona. Na ce, “A gida aka ɗan taimaka.”

Wani ya ɗauki bidiyo. Kafin in iso Kankara ya riga ni isowa.

Ta ajiye mini tuwon masara da miyar kuka, ta zauna nesa kaɗan a kan tabarma.

“A gida,” ta ce. “Katangar ce ta taimaka ko murhun?”

“Kin san ba zan iya faɗa ba.”

“Na sani. Inna ta rasu tun yaushe, Allah ya jiƙanta, amma har yanzu ita ke riƙe da sunana. Ni aro nake yi.”

Daga nan abubuwa suka sauya, ko kuma daga nan na fara lura. Ta daina sa rigunanta na atamfa masu kama jiki, ta koma manyan bubu, har cikin gida da hijabi. Ta koma riƙe muciya da hannun hagu. In na matso sai ta juya baya. Ta je Funtua sau biyu ta ce wajen wata ƙawarta. Na haɗa duk wannan na fitar da amsa ɗaya, fushi. Mutumin da ya karanta littattafai da yawa ba ya rasa amsa, ko da ba ita ba ce.

Wata safiya ta fito da ƙaramar jaka da farantin silba a ƙarƙashin hammata. Ta ce za ta Ruwan Godiya duba mahaifiyarta, Dada, wai ba ta jin daɗi. Leshinta mai ruwan zuma da take ji da shi yana nan a rataye, ba ta ɗauka ba. Na raka ta tasha. Ta shiga mota ta ce, “Kada ka rufe zango ban aiko ba.”

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Yayata, Yaya Nana, ta zo da mayafinta mai duwatsu da carbinta na lantarki a yatsa, ta leƙa kicin, ta leƙa ɗaki, ta yanke hukunci.

“Yaji ne.”

“Ta ce Dada ba ta da lafiya.”

“Dada ta fi ni lafiya. Yahya, karatunka bai hana ka zama yaro ba. Yaji ne, kuma kada ka kuskura ka tafi biko yanzu. In ka ruga da ƙafarka, ka gama yawo. Shekaru nawa babu haihuwa ba ka ɗaga mata murya ba, sai a kan suna za ta ɗauki jaka? Sunan Inna? A bar ta ta huce.”

Shawarar ta yi mini daɗi, don ta yi daidai da abin da nake so in ji. Ga kuma hanyar Sheme, wadda a lokacin mutum kan bi ta ne bayan ya yi sallama da iyalinsa. Na sami dalili biyu, ɗaya na girman kai, ɗaya na tsoro, kowanne yana rufa wa ɗan’uwansa asiri.

Sai muka koma magana ta wasan. Saƙonnin suna nan a wayata.

Ni: Manaja, zango na huɗu. Shawararki?

Ita: A riƙe riba. A ƙara ma’ajiya.

Ni: Yaya jikin Dada?

Ita: Da sauƙi.

Ni: Yaushe za ki dawo?

Ita: Wannan ba ya cikin wasan.

Daga nan aka rufe layi. Rukunonin Faskari da Sabuwa suka yi shiru, don babu yadda za su aiko. Na ɗauka nata ma ya tsaya. Sai ga Lawwali a ƙofar gidana. Direba ne mai tsohuwar Golf, yana jigila tsakanin Kankara da Sheme duk ranar da hanya ta yarda, kuma Ruwan Godiya a kan hanyarsa take. Ya durƙusa, ya cire hula ya sosa kai.

“Malam, Malama ta ce in hwaɗa ma, wai a saida rumbu guda.”

“Wane rumbu?”

“Ni ma shi na tambaya. Na duba gidan Dada, rumbu biyu ne, kuma na gero ne. Ta ce kai ka sani.”

Na yi dariya, karo na farko tun tafiyarta. Na shiga na buɗe kwamfuta na sayar mata da ma’ajiya ɗaya. Na ce ya gaya mata ta yi kuskure, farashi zai tashi. Haka Lawwali ya zama layin wayarmu. Yana haddace maganar kamar karatu, yana maimaitawa a hanya, har fasinjojinsa suka fara tambayarsa yaya kamfani.

Ya dawo ya ce, “Ta ce a biya wake duka.”

“Duka? Lokacin biya bai yi ba.”

“Duka ta ce. Malam, waken ga na wa ne? In na ci ne, ina da mai saye.”

Ya sake dawowa: a sayar da sauran ma’ajiyoyin. Ya sake: a sallami ma’aikata, kowa da haƙƙinsa cikakke. Ya sake: a raba riba gaba ɗaya ga masu gyaɗa, kada a bar komai.

Matar da ba ta taɓa raba ƙwaya ɗaya ba. Na zauna ina kallon allon kwamfuta, na ce fushi ya shiga lissafi. Sai kuma tsohon ma’aikacin banki ya farka a cikina ya ce a’a, wayo ne, kwalliya take yi wa kamfanin, tana share bashi don ta sayar mini da tsada. Na ji daɗin wannan fassarar. Na ce ashe tana son dawowa, hanya take nema wadda ba za ta zubar da girmanta ba.

Kuma tayin ya zo. Lawwali ya tsaya ya gyara murya kamar mai shela.

“Ta ce kamhwaninta da naka su haɗe su zama ɗaya.”

Murna ta kama ni kamar saurayi. Amma abin da na fara koya wa kowane aji shi ne ba a karɓar tayin farko. Na ce, “Ka ce mata ba haɗewa ba, saye zan yi. Kuma sunan kamfanina zai zauna.”

Ya dube ni. “Malam, ni ban yi boko ba. Abin ga biko ne ko ciniki?”

“Ka tuƙa motarka.”

Amsar ba ta zo da wuri ba, don hanya ta rufe wasu kwanaki. Da ya zo, bai yi wasa ba.

“Ta ce ba saidawa take ba. Haɗewa. Sharaɗi guda: sunan kamhwaninta shi za a riƙe, kuma kai za ka hwaɗe shi da bakinka, ta ji da kunnenta. Ta ce in ƙara ma da cewa tayin ba ya daɗewa.”

Na ce, “Duk mai sayarwa haka yake cewa.”

Gaskiya kuwa na riga na yarda tun kafin ya rufe baki. Bayan ya tafi na shiga ɗakinta, na tsaya gaban leshin nan mai ruwan zuma, na gwada. Leɓɓana suka yi siffar sunan, murya ta ƙi fitowa. Na ce babu laifi, zan bar zango ɗaya ya wuce don kada a ce na yi rawar jiki, sannan in je da kaina.

Ɗaliban da ke cikin garin Kankara ba su daina zuwa ba. Darasin makon shi ne yadda za ka karanta niyyar kamfani daga ayyukansa, ba daga abin da shugabanninsa ke faɗa ba. Ina neman misali, sai na ga ga shi a hannuna. Na rubuta a allo ba tare da suna ba: ya sayar da ma’ajiyoyinsa, ya biya bashi tun kafin lokaci, ya sallami ma’aikata da haƙƙinsu, ya raba riba duka, yana neman wanda zai haɗe da shi. Na juyo ina murmushi.

“Me mai wannan kamfani yake nufi? Ku lura, akwai wayo a ciki.”

Kamilu, wani ɗalibina ɗan Sabuwa da rufewar hanya ta tsare a gidan kawunsa, ya ɗaga hannu.

“Malam, ni ban ga wayo ba. Kai ka ce mana mai son sayarwa da tsada ba ya rabuwa da ma’ajiya, don ita mai saye yake kallo. Wannan sallamar kowa yake yi. Rufewa zai yi, yana so ya tafi babu haƙƙin kowa a kansa.”

Na juya na sake karanta abin da na rubuta da hannuna. Sai na ga bubu, na ga muciya a hannun hagu, na ga Funtua sau biyu. Allin ya karye a yatsuna. Ban sallami ajin ba, fita kawai na yi.

Na sami Lawwali a tasha yana zuba ruwa a lagireto.

“Ka gan ta da idonka?”

Ya ajiye galan ɗin a hankali. “Da hwarko tana hitowa zaure.”

“Yanzu fa?”

“Yanzu Dada kan shigar da ni, in tsaya bakin ƙohwa. Ta bayan labule take magana.”

“Muryarta?”

“Sai na matsa nike ji.”

“Me ya hana ka gaya mini?”

“Na tambaya, an ce da sauƙi. In an ce da sauƙi, ni wane ne in ce ba sauƙi? Kuma Malam, kullum na zo, kamhwani kake tambaya.”

Na ce ya tayar da mota. Ya dubi rana, ta riga ta karkata. Ya ce ko motar zan saya ba zai bi hanyar nan yanzu ba, kuma ko ya yarda, shingen sojoji ba zai bar mu ba. Sai da safe. Ba zan ba ku labarin tsakanin nan da safiyar ba, ba shi da abin karantawa.

Na sa farar shaddar Kaduna, wadda ita ta sa mata sitaci, da hular da take cewa tana rage mini shekaru. Na sayi goro da sabulu da turmin atamfa mai ruwan ganye, kayan biko sosai, yadda ake yi. Mu bakwai a motar babu mai magana, kowa bakinsa na motsi. Gonaki dama da hagu, masara ta bushe a tsaye babu mai cirewa. Ni ma bakina na motsi, amma ba addu’ar hanya nake ba. Ƙarar injin ta isa ta rufe ni, da na so da na furta. Na ce a’a, na farko nata ne, ba zan ɓarar da shi a kunnen Golf ba.

Mun shiga Ruwan Godiya da hantsi. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gidan Dada. Maza suna wanke hannu a buta, jar ƙasa a ƙafafun wandunansu. Makara tana jingine da katanga, babu kowa a kai.

Da asuba Manaja ta cika. Babu waya, an hana hawa babur, babu wanda za a aika. Mutanen gidan sun ce sun yi shawarar a jira motar Lawwali ta wuce a ba shi saƙo ya kai mini. Sai ga motar da ni a ciki, da goro a cinya.

Wani dattijo ya karɓi ƙullin daga hannuna, bai san me zai yi da shi ba, ya ajiye a gefen tabarma. Aka raba goron ga masu gaisuwa. Bai lalace ba, ya yi amfani.

Bayan azahar Dada ta sa aka shigar da ni. Tsohuwa ce ƙaƙƙarfa, lafiyarta lau, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar yadda ta saba yi a gabana.

“Malam, sai haƙuri.”

“Dada, me ya same ta?”

“Ƙari ne a mama. Tun kamin ka tai Kaduna ta ji shi. Likitan Huntuwa ya tura ta Zariya, suka ce ya riga ya bazu.”

“Ba a gaya mini ba.”

“Ta hana. Ta ce in ka ji, gida da gona za ka saida ka bi asibiti da ita, ka dawo ba ita ba gida. Ta ce kai ka koya mata ba a zuba jari a kamhwanin da ya riga ya mutu.”

Na koya. Yana cikin darussan da na fi iyawa. Na kan kawo misalai har uku.

“Na yi ta tambaya ana ce mini da sauƙi.”

“Jikina kake tambaya, Malam. Ni ko ciwon kai ban yi ba.”

Ta sunkuya ta jawo farantin silba daga ƙarƙashin gado, an rufe shi da faifai. Ta buɗe. A da akwai zaren da Manaja kan shimfiɗa a tsakiya ya raba nata ɓangaren da nawa. Babu zaren. Babu wake ko ɗaya. Masarata da tata sun cakuɗe, tuli guda a tsakiya.

“Shekaranjiya ta ce in ɗaga ta zaune, ta haɗa da hannunta. Na ce ai bai amsa ba. Ta ce zai amsa, jinkiri ne halinsa, kada ya zo ya tarar da aiki. Abu guda ne ta ce ba ta iya yi maka.”

Na san abin, furta sunan ne.

Aka raka ni kabarin. Ƙasar ba ta bushe ba. Maza biyar a bayana, suna jira in yi addu’a mu koma kafin hanya ta rufe. Na yi addu’ar. Na so in ƙara kalma ɗaya, sai na tuna sharaɗin: ba cewa ta yi in faɗa kawai ba, cewa ta yi ta ji.

Da aka buɗe layi bayan watanni, wayata ta yi ƙara a aljihu ina tsakiyar aji. Saƙon nan ne na taki ya tafi. Ya tsaya a kan maki ɗaya, alamar bai isa wayarta ba, yana nan haka.

Ina koyarwa har yanzu. Faranti ya kai ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba, wasu ɗalibaina sun kafa kamfanoni na gaske, biyu ma suna raye. Yaya Nana tana zuwa da hotunan zawarawa a wayarta, tana cewa namiji ba ya zama haka. Na kan duba in ce Allah ya ba su na gari. Ba ta ƙara ambatar kalmar yaji a gabana ba, ni ma ban tuna mata ba. Shawara ta bayar, ni na saya.

Kamfaninta yana nan a kwamfuta, a saman jeri, tayin haɗewa a buɗe. Kowane sabon aji sai wani ya tambaya, “Malam, wannan na wane ne, ba ya wasa?” In ce kamfani na ɗaya ne, mu ci gaba. Dannawa ɗaya ce ta rage. Ban danna ba, don dannawa ba ita ce amsar ba. Amsar kalma uku ce, na ɗauko ta daga Kankara a cikin bakina, na tsallake shingen sojoji da ita, na dawo da ita ba a karɓa ba. Inna ta yafe mini, yau zan ajiye ta a nan, inda ba mai ji sai masu karatu.

Rakiya, na yarda.